Shan Iskar Kofur Ubale

Ana sallame sallar asuba Kofur Ubale ya ɗauki sandarsa ya nufi hanyar Maigatari, yana jan ƙafar hagu wadda harsashi ya taɓa a yaƙin Bama. Ba kaya a kansa, ba jaki a gabansa. Can nesa a bayansa kuwa Dalhatu ne ke raɓe-raɓe a jikin danga, yana bin sawunsa.

Kafin wannan safiya, rabon Dalhatu da ƙofar gida tun ranar da aka binne matarsa Balkisu, ita da jaririn da bai zo da rai ba. Da can ɗan doka ne a Gumel, irin wanda ɓarayin dabbobi ke jin sunansa su sake hanya. Sai ga shi ya ajiye kulki ya shige ɗaki, ba ci, ba barci, ba magana. An sha rubutu, an yi turare, shiru. Har yayyensa suka yanke shawara: in damina ta sauka bai tashi ba, za a kai shi a sa masa mari a ƙafa, kada ya yi wa kansa illa.

Goggo, ƙanwar mahaifinsa da ta raine shi, ta bar su da shawararsu. Ita damuwarta awakinta. Kullum sai ta tsaya a bakin ɗakinsa tana mita.

"Jar akuyata ta tafi, yau kuma mai cikin ce. Ga ɗan doka a gida, ana yi mini ɗauki ɗai-ɗai! Ni dai ban kama sunan kowa ba, amma maƙwabcin nan namu, Kofur, ina yake zuwa kullum da farar safiya?"

Maganar ta shiga kunnen Dalhatu ta ƙi fita. A Gumel ba a tafiya haka siddan. Ko gona za ka, ko kasuwa, ko gaisuwar mutuwa. An tambayi Kofur, ya ce shan iska yake zuwa, mutane suka ce lalle kam, iska ta kama shi. Dalhatu bai yarda da wannan ba. Maigatari akwai kasuwar dabbobi, taku kaɗan kuma ka tsallaka ƙasar da Faransa ke mulki, akuyar da ta shiga can sai dai ka haƙura.

Ranar farko da ƙyar Dalhatu ya fita bayan gari, numfashi na sama-sama. Ya yi sa'a Kofur ya zauna a gindin wata tsamiya ya daɗe, sannan ya juya gida. Dalhatu ya ce a ransa, munafukin ya ji a jikinsa.

Washegari Kofur ya wuce tsamiyar. Bayan 'yan kwanaki ya wuce rijiyar makiyaya. Kullum sai ya ƙara nisa kaɗan, kuma ko sau ɗaya bai taɓa waiwayowa ba. Wannan ya ƙara wa Dalhatu zargi, don mai gaskiya yakan waiga. Tabbas akwai wanda yake jira a gaba, ana dai neman ranar da hanya za ta zama babu ido.

Bin mutum kuwa yana sa yunwa. Dalhatu ya fara dawowa yana neman koko da ɗumame. Da an yi isha'i sai ya kwanta, kada ya makara tsohon soja ya sulale masa. Bincike kuma ba ya yiwuwa baki a rufe, dole ya gaisa da masu sharar gona, ya tsaya a rijiya ya bugi cikin makiyaya. Wani Bafulatani ya tsokane shi cewa ɗan doka ya rame har ɓarawo zai iya goya shi, sai Dalhatu ya ji kansa yana dariya. Abin ya ba shi haushi, yana bakin aiki.

Gawo ya fara zubar da ganye, hadari ya fara haɗowa daga gabas, amma hujja ko ɗaya babu. A gida kuma yayyensa na kallonsa a kaikaice, suna ƙus-ƙus cewa yanzu yawon daji ya koma. Ransa ya ɓaci ƙwarai. In bai kama ɓarawon nan ya nuna musu da hankalinsa ba, mari na nan na jiransa.

Wata Alhamis sai ya sake dabara. Ya bar Kofur ya dawo ya shiga gida, shi kuma ya zaga ta baya, ya buɗa karan danga ya leƙa.

Ga awakin nan a turke. Ga jar, ga mai cikin har ta haihu, suna cin harawa, sun yi ɓul-ɓul. Zuciyarsa ta buga don murna. Ya buɗe baki zai yi kururuwa ke nan, sai ya hango mai gidan zaune a kan turmi, ya tsoma ƙafar hagu a kaskon ruwan zafi, ta kumbura suntum. A gefensa wata tsohuwa na tsugune tana gasa masa ita da tsumma. Goggo ce.

"Goggo, ƙafar nan ta ƙi," in ji Kofur, yana cije leɓe. "Ki kwashe awakinki, gobe kam ba na jin zan iya fita."

"Ka daure mini zuwa saukar ruwa, don Allah," ta ce. "Kai ka ce mini tafiya ce ta dawo maka da hankalinka bayan Bama. Shi kuwa yaron nan ni na raine shi, ba zai taka ƙafa don kansa ba sai in ɓarawo yake bi."