Katako Mai Ƙara

Tun da hukuma ta sayo injin sanyi don maganin zafin bazara, ba a samu wanda ya iya kashe shi ba. Dusar ƙanƙara ta binne tsohuwar unguwa har rufi, kowa ya koma yawo da katakon zamiya a ƙafa.

Katakon Tanimu ya tsage da safe. Ya tsaya a rumfar Alhaji Gambo mai sayar da katakon zamiya, da kular tuwo a goye, ya kasa zama.

"Ɗauki wannan, Malam," in ji Alhaji. "Tudu, kwari, dusa mai laushi ko mai tauri, duk ɗaya ne a wurinsa. Ko kan rufin gida ka bi, ba mai jin motsinka."

"To bai yi mini ba. Ba ni mai ƙara."

"Kai da digirinka, ka ɗaura na masu itace?"

"Inna ta ƙi barin ɗakinta. Sai ta ji ƙarata a sama take buga taɓarya, in san inda zan tona."

Alhaji ya miƙo masa tsohon katako, ya rage murya. "Jiya ta buga?"

Tanimu ya sunkuya yana ɗaure igiya da sauri.

"Inna akwai nauyin barci," ya ce.