Saƙo Har Kalaba

Tun da ɗiyata ta ce ita da ƙawayenta za su ja mota daga Kafanchan, su hau duwatsun Obudu, su gangara bakin teku a Kalaba, barci ya ƙaurace mini. Na hana, ta ƙi. Ran Lahadi na miƙe a coci na roƙa mata addu'a, har da jero garuruwan da za ta bi.

Kafin Laraba mota ta cika da saƙon jama'a: citta zuwa Lafiya, acca zuwa Makurɗi, zakara zuwa Ogoja.

"Baba, ina zan sa tantinmu?"

"Bar shi, waɗanda za ku kai wa saƙon za su ba ku ɗaki."

Yanzu kowane gari akwai mai jiran isowarta, kuma dukansu na ba su lambata.