A Kunna Kyamara

"Yau kowa ya kunna kyamara," in ji malamar lissafi. "Na gaji da magana da baƙin allo. Auta, ke da kullum kike riga kowa rubuto amsa, fara."

Wadda ke zaune gaban kwamfutar ba ta ji komai ba, ko faɗuwar gaba. Ta gyara ɗankwali, ta danna.

Ajin ya yi tsit. Malama ta matso da fuskarta.

"Au, Mama ce? Ina wuni. Ina Autar take?"

"Yau wata biyu da rasuwarta," ta ce, kamar mai faɗin ƙarfe nawa. "A littafinta nake duba amsoshin. Ba na so ne a kira sunanta a ji shiru."