Koren Babur a Hanyar Inkil

Tun bayan azahar Sabitu yake tsugune cikin gonar masara a bakin hanyar Inkil, da gora a hannunsa. Zufa ta jiƙa masa riga sharkaf, amma ko gezau bai yi ba. Koren babur yake jira.

Babur ɗin na Ƙungiyar Wuta Mai Tsafta ne, waɗanda suka tasa majalisar jiha a gaba sai an yi dokar rage ƙona gawayi, a sauƙaƙa wa mutane murhun zamani da wutar sola. Kowace Alhamis jami'insu Tunde yakan zaga ƙauyuka yana tattara sa hannun jama'a, da koriyar riga da hular kwano, don ƙungiyar ba ta yarda a hau babur ɗinta kai a buɗe ba. Ranar Litinin za a kai takardun majalisa. Yau ce Alhamis ta ƙarshe.

Shi kuwa Sabitu da gawayi aka raine shi. Shekara talatin mahaifinsa, Malam Ɗanlarai, yana sayar da shi a unguwar Fadaman Mada, har baƙin ya kama tsagar tafinsa, sabulu ya yi ya gaji. Idan dokar ta wuce, me tsohon zai ci? Takarda?

Ya sha faɗa masa haka, yana kumfar baki. Malam Ɗanlarai dai sai ya gyara zaman hularsa mai ruwan toka, wadda Sabitu ya saya masa da sallar bara, ya dubi ƙofar ɗakin marigayiya Hamsatu. Tun da tarin hayaƙin murhu ya tafi da matarsa maganarsa ta ragu. Kwanan nan ma yakan rufe rumfa da rana tsaka, wai zai je dubiya. Sabitu ya ɗauka karaya ce, kuma abin ya ƙona masa rai matuƙa.

"Baba, ka bar ni da su," ya ce masa da safe.

"Ka bar wa Allah dai," in ji tsohon, bai ko ɗago kai ba.

Wajen la'asar ya jiyo ƙarar inji. Ga koren babur tafe, ga koriyar riga, ga hular kwano mai baƙin gilashi, ga jaka rataye a ƙirji. Yau Tunden da ke gudu kamar an koro shi lallaɓawa yake yi, sai ka ce ƙwai ya ɗauko. Sabitu ya ce a ransa, ashe kai ma ka san tsoro.

Ya bari ya gota shi kaɗan, sannan ya zabura ya sheme shi da gora a gadon baya. Babur ya yi gefe, mutum ya yi gefe. Kafin ya yunƙura Sabitu ya ƙara masa a haƙarƙari, ya sake ƙarawa, har ya ji wani abu ya ce ƙas.

Mutumin bai yi ihu ba. Wani gurnani kawai yake fitowa daga cikin hular, yana ɗaga hannu ɗaya yana nuna Sabitu, ɗayan kuma ya ƙanƙame jakar.

"Saki, ɗan iska! Abincin ubana za ku toshe?"

Bai saki ba. Sabitu ya take hannun da dunduniya, ya murje shi a kan tsakuwa har yatsu suka buɗe. Hannu ne mai kaushi, duk ya yi baƙi, ya ce a ransa baƙin man babur ne. Ya fizge jakar, ya sakar wa hular kwano gora ta ƙarshe da duk ƙarfinsa. Ƙafafun suka yi shure-shure, suka daina.

Ya yanki gona da gudu, bai tsaya ba sai a gindin wata tsamiya. Daɗi yake ji, daɗin ɗan da ya fitar da ubansa kunya. Ya fito da ashana, ya zuge jakar don ya cinna wa takardun wuta.

A saman takardun, an ninke ta a tsanake don kada hular kwano ta ɓata ta, ga hula mai ruwan toka, wadda ya saya wa mahaifinsa da sallar bara.