Furen Bikin Asabar

Bakwai ba ta yi ba Nyaruai ta riga ta cika bokiti uku. Sanyin garin Timau yana kurɗowa ta ƙarƙashin ledar rumfa yana kama mata gwiwa, ita kuwa tana sunkuye a kunya ta goma sha ɗaya, almakashi a hannu, tana bin furen tirakiliyam kara bayan kara.

Shekararta ashirin da biyu a gonar, goma daga ciki a kan wannan fure. Kansa kamar 'yar laima yake, ƙananan furanni shunayya a cure wuri ɗaya, kuma ba shi da haƙuri ko kaɗan. A yanke shi da wuri ya ƙi buɗewa, a makara ya zube a hanya, a bar shi ba ruwa na ɗan lokaci ya sunkuyar da kai. Ruwan karansa ya daɗe da cinye mata fatar yatsu. Ta daina sosawa ma.

Kullum furen gonar jirgi yake hawa zuwa Turai, wurin mutanen da ba wanda ya taɓa gani. Na yau kuwa nan kusa za shi: kara ɗari huɗu, na wani biki da za a yi gobe Asabar a Nanyuki. Ba kunyarta aka fara ba wa aikin ba, ita ta je ta roƙa.

Mutwiri, mai kula da rumfar, ya zagayo da sandar awonsa ya tsaya a kanta. Ya ga ta tsallake kara biyar lafiyayyu kafin ta yanki ɗaya, ya ce da wannan tafiyar hawainiya mota za ta tashi ta bar su. Ba 'yan Turai ba ne masu auna kara da zare, in ji shi, 'yan biki ne, bayan an ci an sha ba mai kallon tebur.

"Wai ma, Mama, ba ke kika nemi hutun goben nan tun wata uku ba? Na rubuta, kika dawo kika ce in goge."

"Hidimar ta fasa," ta ce, ba ta ɗago ba.

Ƙarfe goma aka buga ƙarfen shan shayi. Mata suka zauna a kan akwatunan roba, kowacce ta rungume kofinta. Kananu, wadda bakinta ba ya hutu, ita ta kawo labarin bikin, don 'yar ƙanwar babanta ke dafa abinci a gidan iyayen angon. Ta lissafa shanun da za a yanka da tantunan da aka kafa, ta ce amaryar lauya ce a Nairobi, doguwa, mai wushirya, Turanci a bakinta kamar ruwa.

"Sai dai marainiya ce, baiwar Allah. Ta ce musu uwarta ta rasu tun tana 'yar shekara shida, innarta ce ta riƙe ta a birni. Uwar angon har kuka ta yi da ta ji."

Matan suka yi ta jimami. Wata ta ce ai gara haka, da uwar irinsu ce, da wane hannu za ta gaisa da surukai? Ta ɗaga nata tafin, duk faso, aka kwashe da dariya. Nyaruai ta zubar da sauran shayinta a gindin shinge ta koma rumfa tun ba a buga ƙarfe ba.

Rana ta ɗaga, ledar ta fara turara su. Bayanta ya riƙe har sai ta dafa turke kafin ta miƙe. Wayarta tana aljihun rigar aiki. Sau biyu ta ciro ta duba, ta mayar.

A ɗakin ɗauri ma ba ta bar wa kowa ba. Ta tsige ganyen ƙasa, ta daidaita kawuna, ta ɗaure goma-goma, ta kai ɗakin sanyi da kanta. Dami ɗaya ta kwance shi har sau uku saboda kara guda da ya ɗan karkace. Kananu ta ce ko Mama na zaton za a aiko mata da cinyar akuya ne.

La'asar sakaliya mota ta iso. Mutwiri ya jera kwalaye takwas, ya ɗauki alƙalami mai kauri yana kwafar sunan amarya daga takardar oda, kwali bayan kwali. Nyaruai tana tsaye a gefe, hannuwanta cikin bokitin ruwa saboda zafin da suke mata.

"Ba haka ba ne," ta ce. "Wakarindi ne, ba Wakarendi ba."

Ya nuna mata takardar. Ta ce takardar ce ta yi kuskure. Ta goge hannu a zani, ta karɓi alƙalamin, ta bi kwalayen tana gyarawa a hankali, da rubutun wadda ta bar makaranta a aji huɗu.

"Ke kuma ina kika san wannan suna?"

"Sunan mahaifiyata ne."

Ya ɗaga kafaɗa ya juya wurin direba. Aka loda kwalayen, aka rufe ƙofa, motar ta gangara ta nufi Nanyuki. Nyaruai ta tsaya har ta ɓace a kwana, sannan ta sunkuya ta ɗauki bokitinta, don gobe akwai yankan safe. Abin da ba ta ƙarasa wa Mutwiri ba shi ne, ita da bakinta ta sa wa amaryar sunan, shekara ashirin da takwas da suka wuce, ranar da ta haife ta.