Muryar Rumfa ta Tara

Tun da aka kafa dokar murya ɗaya, ba a ƙara gane mai magana a taron gari ba. Kowa sai ya shiga rumfarsa ya ja labule, na'ura ta mayar da muryar tsoho da ta budurwa iri guda. Malam Barau ya tsani abin. Shi da in ya yi gyaran murya ake yin tsit, yau ya koma lamba huɗu kawai.

A wannan ranar, mai rabon ruwan fadama za a zaɓa, ga ruwan madatsa ya ja baya.

"A bi girma," in ji Barau. "Gonakin manya su fara sha."

"A gafarce ni, lamba huɗu," in ji lamba tara. "Gonakin ƙarshen magudana yashi ne. In suka kwana uku ba ruwa, albasa ta mutu. Laka kuwa tana iya jira."

Sau uku yana musu, sau uku ana kayar da shi cikin ladabi. Daga ƙarshe ya ce, "Wannan dattijo ya fi ni sanin ƙasa. A ba shi."

Aka yaye labule. Ashe Tabawa ce, matar ɗansa, wadda shekara goma sha biyu kunya ba ta bar ta ta haɗa ido da shi ba. Ta durƙusa, kai a ƙasa.

"Baba, a yafe mini."

Barau ya yi gyaran murya, don ya tabbatar tasa ta dawo.

"Tashi, 'yar nan. Tawa gonar yaushe za ta sha?"

"Laka ce, Baba. Ranar ƙarshe."

"To," ya ce, "Allah ya kai mu."