Ranar da Inna Ta Goya Sani Zuwa Makaranta

Ina 'yar shekara tara Inna ta goya ƙanena Sani zuwa firamare, ƙafafunsa shanyayyu suna reto, ni ina biye. Hedimasta ya ce gurgu ba zai iya ba. Inna ta kwance zaninta mai ƙamshin daddawa, ta zaunar da Sani a benci.

"Malam, da ƙafa ake karatu?"

Sai Hedimasta ya rubuta sunan Sani. Ni ban taɓa shiga aji ba, amma ni na riƙa goya shi kullum.

To jiya surukata, matar ɗana, ta dawo gidanmu da ke unguwar Wangsa Maju, a nan ƙasar waje inda muke zaune, da kuka, wai makarantar gwamnati ba ta da wurin jikana mai keken guragu.

Na ce, "Share hawayenki, 'yata. Gobe ni zan yi magana, ke ki fassara musu."